Ruwan famfonmu yana yin ja duk damina: ta yaya za mu tsare kurmin da ke saman dam?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan majalisar komin ne, wato ƙaramar hukuma, a wani gari da ke tudun Adamawa, nan Kamaru. Ruwan famfonmu daga wani ƙaramin dam yake zuwa, rafuka biyu masu kurmi ne ke cika shi. 'Yan shekarun nan, da an yi ruwa mai ƙarfi sai famfo ya kawo jan ruwa, wani lokacin ma a kashe injin har kwana biyu. A saman dam ɗin akwai manoma da makiyaya da masu gawayi. Wasu sun ce a tashe su duka a dasa itatuwa. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ku tashi kowa, kuma kada ku fara da dashen itace. Mutanen da ke saman dam yawancinsu ba sa shan ruwan famfon nan. Duk abin da za ku hana su, asarar tasu ce, ribar ta 'yan gari. Muddin ba ku gyara wannan lissafin ba, ko jandarma nawa kuka kai, da sun juya baya za a koma yadda ake. Don haka aikinku biyu ne: ku gano takamaiman wuraren da laka ke shigowa, sannan ku shirya abin da za ku ba masu wuraren kafin ku ce su bari.

Bari mu fara da abin da kurmi ke yi wa ruwa, domin ana yawan ɗora masa abin da ba nasa ba. Itace ba ya ƙara yawan ruwan rafi, shan ruwa ma yake yi. Amfaninsa shi ne ganyen da ke zuba da ciyawar da ke ƙarƙashinsa suna karya ƙarfin ɗigon ruwan sama, saiwa tana buɗe ƙasa ruwa ya nutse maimakon ya gudu, kuma tana riƙe gaɓar rafi kada ta zube. Ruwan da ya nutse shi ne ke fitowa a hankali ta idanun ruwa da rani, garau. Wanda ya gudu a bisa ƙasa shi ne ke kawo muku ja. A wajen Ngaundare ana samun ruwan sama kusan milimita 1,500 a shekara, kuma milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Ke nan ƙarancin ruwan sama ba shi ne damuwarku ba. Damuwar ita ce hanyar da yake bi kafin ya iso dam.

Abu na farko, ku san iyakar kwarinku, wato duk ƙasar da ruwan samanta ke gangarowa cikin dam. Iyakar tana bin doron tudu, ba ta bin iyakar ƙauye ko ta jauro. A ɗauko hoton wurin a Google Earth, a buga shi babba, sannan a taka doron da ƙafa tare da mutanen ƙauyukan, ana sa alama da GPS na waya. Sau da yawa za ka ga ƙauyen da ake ta zargi ruwansa ma wani rafin yake faɗawa, wanda ba a taɓa ambata ba kuma shi ne a tsakiyar kwarin. A kan hoton a rubuta kowace mashaya, burtali, hanyar mota, ramin bulo, wurin ɗiban yashi, gonar bakin rafi, wurin wankin babur da wurin toyin gawayi.

Sai awo. Ana auna duhun ruwa da ma'aunin da ake kira NTU. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son ruwan sha ya kasance ƙasa da 1 kafin a sa masa kulorin, a ƙananan matatu kuma kada ya wuce 5, saboda ƙwayoyin cuta suna laɓewa a cikin laka, kulorin ba ya kai musu. Ba sai kun sayi na'ura mai tsada ba. Akwai dogon bututun roba mai haske, da alama a gindinsa: ana zuba ruwa a hankali har alamar ta ɓace wa ido, a karanta lambar a jikinsa. Ku zaɓi wurare shida zuwa goma, musamman sama da ƙasan kowace mahaɗar rafi, da sama da ƙasan kowace mashaya da mararrabar hanya. A auna ana cikin ruwan sama ko cikin awa biyu da ɗaukewarsa. Awon ranar da gari ya waye tas ba ya gaya maka komai, domin yawancin lakar shekara a cikin 'yan manyan ruwaye take saukowa, musamman na farkon damina lokacin da ƙasa take tsirara. Damina ɗaya ta wannan awon za ta nuna muku abin da aka saba gani a irin wannan kwari: wurare kaɗan ne ke kawo mafi yawan ja, kwazazzabo biyu ko uku, mashaya ɗaya, da gefen hanyar da ba ta da magudana. Ruwa ba ya tsami banza.

Ku nemi ma'aikatan matata su buɗe muku littafinsu: buhun alif nawa suke ci a wata, sau nawa suke wanke matatar yashi a rana, awa nawa aka tsayar da injin. Ga misalin lissafi, ka sa lambobin garinku a ciki. Garin mutum 40,000, kowa lita 40 a rana, yana buƙatar mita kubik 1,600. Idan ruwa mai haske yana cin giram 15 na alif a kowace mita kubik, kilo 24 ke nan a rana. Idan ya yi ja har sai an sa giram 60, ya zama kilo 96. Haka dam ɗin kansa: kwari mai hekta 2,000, in tan 2 kacal na ƙasa ke isowa daga kowace hekta, tan 4,000 ne a shekara, kusan mita kubik 3,000 na laka. Dam mai cin mita kubik 300,000 yana rasa kashi 1 cikin 100 na cikinsa duk shekara, kuma lakar ba ta zaɓar inda za ta kwanta, har bakin bututun ɗiba take zuwa. Waɗannan lambobin su ne za ku kai gaban mai riƙe da kuɗi. Ba wanda ke fitar da kuɗi don an ce masa daji yana da kyau.

Ta fuskar doka kuna da madogara. Dokar ruwa ta Kamaru, mai lamba 98/005 ta 14 ga Afrilu 1998, da dokar firayim minista mai lamba 2001/163 ta 8 ga Mayu 2001, sun tanadi kewayen kariya a wuraren ɗiban ruwan sha: na jikin maɗiba, na kusa, da na nesa. Na jikin maɗiba shi kaɗai ne nake ganin a kewaye shi da waya, a hana kowa shiga in ba ma'aikaci ba, ba wanki, ba kamun kifi, ba dabba. Wuri ne ƙarami, ba zai jawo rigima ba. Sauran biyun da yarjejeniya za a riƙe su, don ba ku da wayar da za ta zagaye hekta dubu biyu.

Yanzu bakin rafi. A bar tsiri na mita 30 kowane gefe a manyan rafukan biyu, mita 10 zuwa 15 a ƙananan ƙoramu, a ƙara faɗi inda gangare ya yi tsanani. Faɗin abin da baki yana da sauƙi, amma ka lissafa: kilomita ɗaya ta rafi, mita 30 hagu da dama, hekta 6 ce. Kuma ita ce ƙasa mafi daraja a ƙauyen, inda ake masarar rani da tumatir da yakuwa. Wanda ke da kadada guda a can, ka ce ya ja baya mita 30, ka cinye masa rabin abincinsa. Shi ya sa na fi son a raba tsirin kashi biyu. Mita 10 na jikin ruwa a bar su kurmi zalla, ba sara, ba noma, ba wuta. Sauran 20 mai gona ya ci gaba da mallakarsu, amma ya daina huɗa: ya sa mangwaro, fiya, ayaba, lemo, ciyawar yanka, ko ya rataya amya. Adamawa ƙasar zuma ce, kuma mai amya a kurmi shi ne mai gadin da ba ka biya, don wuta ɗaya ta cinye masa shekara. A shekara biyu ko uku na farko, kafin itatuwan su fara bayarwa, sai an tallafa masa da iri, taki ko kuɗi gwargwadon abin da ya rasa.

Akwai tarko a nan da ya kamata ka sani. A ƙasarmu dasa itace kamar kafa shaidar mallaka ne. Wanda aka ara wa gona ba zai dasa ba, don mai gona zai ce yana son cinye masa ƙasa. Mai gona kuma yana tsoron in komin ta dasa, gobe ta ce wurin nata ne, tunda yawancin gonakin ƙauye ba su da takarda, suna cikin ƙasar da dokar 1974 ta sa a hannun gwamnati. Sai an rubuta a fili, gaban jauro da wakilin Lamiɗo, cewa gona tana nan ta mai ita, itacen da 'ya'yansa na wanda ya rene shi. In ba haka ba za ku raba dashe dubu goma, ku dawo ku tarar awaki sun cinye, kowa ya ce bai gani ba.

Shanu su ne suka fi kawo faɗa, su ne kuma suka fi sauƙin gyara in an bi ta kansu da hankali. Saniya ba ta ɓata ruwa da shanta. Kofato ne ke farfasa gaɓa, kashi kuma yana faɗawa kai tsaye cikin rafi. Kashin 'yan maruƙa musamman yana ɗauke da wata ƙwayar gudawa, kiriftosiforidiyom, wadda kulorin ɗin da ake sa wa ruwan famfo ba ya kashewa, sai tacewa mai kyau. Maganin shi ne a kai wa shanu ruwa waje. Da rani saniya tana shan lita 25 zuwa 40 a rana, garken 500 yana son mita kubik 12.5 zuwa 20. Rijiyar burtsatse mai sola, ko ƙaramin famfo da ke jan ruwa daga rafi zuwa tanki, da kwamin siminti dogo, a nesa da gaɓa aƙalla mita 100, an shimfiɗa dutse kewaye da shi kada ya zama taɓo. In akwai hali a yi shi a ƙasan dam. Tsarin lokaci shi ne komai: a gama kwamin, ruwa ya zauna a ciki, Arɗo da sarkin shanu su gani da idonsu, sannan a rufe tsohuwar mashaya. Wanda ya fara rufewa kafin ya gina, za a yanke masa waya a daren farko, kuma ba zan ga laifin makiyayi ba. A tanadi wanda zai gyara famfon da asusun kayan gyara, don ranar da ya lalace garke zai koma rafi. Inda burtali ya ratsa ƙorama, a bar mararraba ɗaya, a daɓe ta da dutse. Kada ku toshe burtali ko da na kwana ɗaya. Dokar 78/263 ta 3 ga Yuli 1978 ta ba kwamitin da sufurefe, wato jami'in gwamnati mai riƙe da gunduma, ke jagoranta ikon shata wurin noma da na kiwo da hanyar shanu, ta hannunsa za ku bi.

Kwazazzabo ana kama shi daga kai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a je can ƙasa inda ya fi zurfi a gina katanga mai tsawo, ruwan farko ya zagaye ta ko ya haƙe gindinta ya kwashe. A fara karkatar da ruwan da ke shiga kansa, sannan a jera ƙananan shingayen dutse, tsayinsu kada ya wuce santimita 50 zuwa 60, tsakiyarsu ta fi gefe ƙasa domin ruwa ya bi ta tsakiya, a cusa fikafikansu cikin gaɓa kamar rabin mita, a shimfiɗa dutse a inda ruwan ke faɗowa. Tazarar tsakaninsu: kan na ƙasa ya yi daidai da gindin na samansa. Idan laka ta cika bayansu a dasa jema ko gora. A gonakin gangare kuma a ja layin jema ko jerin duwatsu a kwance, ana daidaita layin da sanduna uku da aka ɗaure kamar harafin A, da igiya da dutse a rataye. Tsakanin tushen jema da ɗan'uwansa santimita 10 zuwa 15, in ka buɗa fiye da haka ruwa zai tattaru ya bi ta giɓin ya buɗe sabon rami. Mutanen duwatsun Mandara, wajen Mokolo, tun kakanni suke riƙe ƙasarsu da matakalar dutse. Gwanin wannan aiki ba sai an nemo shi daga waje ba. Hanyar mota ta jar ƙasa kuwa, a yanka mata mafitar ruwa kowane mita 30 zuwa 50 a gangare, ruwan ya watsu cikin ciyawa, kada ya taru ya zubo a gindin gada.

Wuta ba za ta hanu ba, sai dai a zaɓa mata lokaci. Ta Nuwamba zuwa farkon Disamba, ciyawa da sauran ɗanyenta, tana lasar sama ta wuce. Ta Fabrairu da Maris tana kashe ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa tsirara daidai lokacin da ruwan farko zai sauko. A share layin tare wuta mai faɗin mita 6 zuwa 10 kewaye da kurmi da zarar damina ta ɗauke, a ƙone gefensa da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta. Masu gawayi a ware musu yanki nesa da rafi, a raba shi kashi-kashi ana juyawa, a sare a bar kututture ya tofo. Wurin da aka tsare daga wuta da baki, maje da doka da marke da malmo suna dawowa da kansu daga tsohuwar saiwa, sun fi dashen leda saurin girma, kuma ba sa son ban ruwa. Inda ya zama dole a dasa, a sa na gida: malmo, giyayya, kanya, ɓaure, maɗaci, tukurwa. Turare kuwa, wanda wasu ke ce wa zaiti, kada ya kusanci idon ruwa. Afirka ta Kudu tun 1995 take biyan mutane su sare irin waɗannan baƙin itatuwa daga bakin rafuka don ruwa ya dawo.

Akwai dattin da bututun awo ba ya gani. Mai feshi da ya wanke gorarsa a rafi, maganin kaskar shanu, gubar kamun kifi, man inji, da sinadarin makuri in akwai masu haƙar zinariya. Alif da matatar yashi ba sa cire yawancin waɗannan. Nan babu sassauci: ba feshi a cikin tsiri, a haƙa ramin wanke gora nesa da ruwa, masai ya yi nesa da rafi aƙalla mita 30 kuma gindinsa kada ya taɓa ruwan ƙasa.

To wa zai riƙe duk wannan? Kwamitin mutum 15 zuwa 20 ya isa, amma rabinsu ko fiye su fito daga saman dam. Komin, masu matata, ma'aikatan gandun daji, na noma da na dabbobi, wakilin Lamiɗo, jaurori, Arɗo, masu gawayi, masu zuma, da mata, tunda su ke itace da wanki. A yi masa rajista a matsayin ƙungiya domin ya iya buɗe asusu, mutum uku ke sa hannu, ɗaya daga ƙauye. Zama a riƙa yin sa a ƙauyukan, da Fulatanci da harshen mutanen wurin. Wanda aka kira ofis aka karanta masa takarda da Faransanci zai ce to, ya tafi bai ɗauki komai ba. Yarjejeniyar kada ta wuce shafi biyu ko uku: abin da aka hana, abin da gari ya ɗauki alkawarin yi da ranar da zai yi shi, da hukunci mai hawa-hawa, gargaɗi, sai tara ƙarama, sai babba, sai sufurefe. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009 kan yadda jama'a ke riƙe dajinsu da ruwansu, ta nuna cewa tsare-tsaren da suka daɗe suna da irin wannan hukuncin, da masu sa ido da jama'ar wurin suka zaɓa. Kada mai gadi ya ci daga kuɗin tara, in ba haka ba zai koma farautar baƙi. Kuma ka tuna da makiyayan da ke zuwa da rani daga nesa, ba su halarci zamanku ba. Duk shekara in sun sauka, Arɗo ya zagaya da su ya nuna musu kwami da iyaka.

Kuɗi shi ne inda irin wannan shiri ke mutuwa. In duka ya dogara da wata ƙungiyar agaji, ranar da ta naɗe kayanta masu gadi za su watse. Garuruwan da abin ya ɗore musu, daga famfo kuɗin ke hawa tudu. New York a 1990 ta fito da daftarin dokoki masu tsanani kan manoman duwatsun Catskill, inda ruwanta ke fitowa, suka yi mata ca. Sai ta sauya, ta bar manoma su jagoranci shirin da kansu, ita ta biya kuɗin gyaran gonaki, aka sa hannu a babbar yarjejeniya a 1997, ta tsira daga gina matata ta biliyoyin daloli. Kito, babban birnin Ekwado, ya kafa asusun ruwa a 2000, kamfanin ruwan birnin yana zuba kashi 1 cikin 100 na cinikinsa, daga baya aka ɗaga zuwa 2. Nairobi ta kafa nata a 2015 don manoman saman kogin Tana. Ku ba ku da ikon ƙara farashin ruwa, ba komin ke yanka shi ba. Amma ka duba girman abin: mita kubik 1,600 a rana ta kai 584,000 a shekara, sefa 5 a kan kowace ɗaya ba ta kai miliyan 3 ba. Komin na iya buɗe layi na dindindin mai wannan girman a kasafinta, ku kai wa Camwater, kamfanin ruwa na gwamnati, ko duk wanda ke riƙe da matatar, lissafin alif ku nemi ya sa wani abu daga rarar da zai samu, masu sayar da ruwan leda da masu wankin mota su ma su sa hannu. Kuɗin waje a yi manyan gine-gine da shi, na gida ya riƙe albashin masu gadi da gyaran famfo. A biya mai gona bayan an zagaya an ga tsirinsa a ƙarshen rani, a gaban jama'a, a manna sunaye da adadi a ƙofar jauro. In ƙauyukan saman ba su da rijiya mai kyau, ita ce abu na farko da ya kamata ku gina.

Kada ku yi wa 'yan gari alkawarin farin ruwa baɗi. Gyaran mashaya da hanya da kwazazzabo yana nunawa cikin damina ɗaya ko biyu, kurmi kuwa sai shekara biyar zuwa goma, kuma tsohuwar lakar da ke kwance a cikin rafi za ta ci gaba da saukowa na ɗan lokaci. Matata kada ta sassauta ko da ruwa ya yi haske: kulorin ya kai miligiram 0.5 a lita bayan minti 30 da zubawa, kuma kada ya gaza 0.2 a famfon ƙarshen layi. Daminar nan ku yi awo da taswira kawai, da rani a yi zama a gina kwami a share layin wuta, jema da shingayen dutse su shiga ƙasa daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni.